Ina zan sami wanda zai sassaƙa mini sabon wuyan banjo da sauƙin kuɗi?

Tambaya: Ina zaune a jihar Ohio ta Amurka. Na sayi wani tsohon banjo mai tsirkiya huɗu a wurin 'yan gwanjo. Ƙoƙonsa lafiya lau, amma wuyan ya murɗe, kuma ni mai tsirkiya biyar nake son koya. Na tuntuɓi sanannun masu wannan aiki guda biyu, kuɗin da suka yanka mini ya fi ƙarfina. Ina zan sami mai yi da rahusa, kuma me zan duba don kada a cuce ni?

Amsa: Ana samun masu yi da rahusa, Malam, kuma zan faɗa maka inda suke. Sai dai abin da zai sauko da farashin sosai yana hannunka tun kafin ka buga wa kowa waya. Katakon wuyan banjo ba shi da wata tsada. Awoyin da masassaƙi zai ɓata kake biya, kuma mafi yawansu a ado da fenti suke tafiya. Waɗannan kana iya yafe su. Wuri na farko da ba a neman ragi a kansa shi ne dunduniyar wuyan, inda yake haɗuwa da ƙoƙo. Duk wanda ya rage maka kuɗi ta nan, asara ya sayar maka.

Fara da ƙoƙon, domin shi zai nuna ko aikin ya cancanci kuɗin. Kwance murfin baya idan yana da shi, sukurori uku ko huɗu ne da ake juyawa da yatsa, ka leƙa ciki. Idan ka tarar gangar, wato zagayen jikin ƙoƙon, ta alminiyam ce da aka zuba gaba ɗaya, har da haƙoran da ƙugiyoyin ɗaure fata ke shiga, to tsaya nan. Irin wannan na 'yan koyo ne, kuma kuɗin wuya na musamman zai fi kuɗin sabon banjo mai tsirkiya biyar kacokan, irin Goodtime na kamfanin Deering ko ƙananan na Gold Tone da Recording King. Idan kuwa katako ne mai kauri, daga rabin inci zuwa 3/4, da zoben tagulla zaune a kansa ƙarƙashin fata, ka sami abin da ake kashe wa kuɗi. Auna faɗinsa ta tsaye da ta kwance. In bambancin ya wuce milimita 2 ko 3, ƙoƙon ya karkace, kuma dole mai aikin ya san da haka tun farko. Bi layukan gam da farce ka ga ko yadudduka sun fara rabuwa. Sannan nemi suna da lamba. Gibson na buga lambarsa a cikin ganga, Vega da Fairbanks kuma a jikin sandar da ta ratsa ƙoƙon.

Abin da kake son yi tsohuwar sana'a ce a ƙasar nan. A shekarun 1920 da 1930 mai tsirkiya huɗu ne ke tashe a ƙungiyoyin kiɗan jaz da na rawa, shi ya sa mafi yawan abin da Gibson ya ƙera a lokacin masu tsirkiya huɗu ne, masu alamar TB ko PB, masu tsirkiya biyar na RB kuwa 'yan kaɗan ne. Da Earl Scruggs ya shiga ƙungiyar Bill Monroe a ƙarshen 1945 da salonsa na yatsu uku, sai makaɗa suka koma neman mai biyar, aka shiga cire wuyan masu huɗu ana sa musu sabo. Amfanin wannan gare ka shi ne akwai masassaƙa da yawa da ke da samfuri da ma'aunin aikin a rataye a bango, ba sai sun ƙirƙiro komai ba. Gibson kansa ya daina yin banjo tun ambaliyar Nashville ta 2010, don haka ko ƙoƙonka nasu ne, hannun masu zaman kansu za ka koma.

Yanzu duba yadda tsohon wuyan yake riƙe da ƙoƙo, domin wannan ne zai raba maka masassaƙa gida biyu. A hanya ta farko, sandar katako mai kusurwa huɗu ce aka manne a cikin dunduniya, ta ratsa ƙoƙon har bayansa, aka ɗaure ta da sukuru a can, sannan wani ɗan ƙarfe ko weji ya matse ta a gaba. Haka tsofaffin Vega, Fairbanks da S.S. Stewart suke, da mafi yawan masu buɗaɗɗen baya. A hanya ta biyu, ƙusoshi biyu masu zare ne ke fitowa daga dunduniya, su shiga ganga, rodin ƙarfe ɗaya ko biyu su kama su daga ciki. Wannan tsarin Gibson ne da duk masu kwaikwayonsa. Mai sanda ya fi wahalar yi, saboda ramin sandar dole a huda shi a kan kusurwar da ta dace tun bugun farko. Da zarar gam ya bushe, gyara sai an turara an cire. Mai ƙusoshi ya fi sauƙin daidaitawa, amma yana da nasa tarkon. Zaren ƙusoshin Amurka na inci ne, yawanci 10-32 a na zamani, na Asiya kuwa galibi na milimita ne, kuma ba sa shiga juna. Wanda ya tilasta su zai cinye zaren rodin.

Idan mai rodi ne, dubi filanjin, wato faifan ƙarfen nan mai huda-huda da ke zagaye ƙoƙo, wanda ƙugiyoyi ke ratsawa. Akwai mai guda biyu, bututu da faranti, akwai kuma mai guda ɗaya da Gibson ya fara sakawa wajen 1929. Yankan dunduniya na kowanne daban ne, domin matakalar da ake sassaƙawa don ta kauce wa ƙarfen ba iri ɗaya ba ce. Wuyan da aka yanka don wannan ba zai zauna a wancan ba.

Ga dalilin da ya sa nake nanata dunduniya. Fuskarta ba shafaffiya ba ce. Tana da lanƙwasa daidai da zagayen ganga, tana da matakala, kuma an karkatar da ita yadda wuyan zai ɗan kwanta baya, kimanin digiri 3. A banjo mai ƙoƙon inci 11 da firet 22 (ƙananan ƙarafan da ke gicciye a allon yatsu), jaki, wato ɗan katakon da ke ɗaga tsirkiyoyi a kan fata, yana zama kusan inci 7 daga inda wuya ya taɓa ƙoƙo. A wannan nisa, kuskuren digiri ɗaya yana sauya tsayin jakin da ake buƙata da kusan 1/8 na inci, wanda shi ne dukan bambancin da ke tsakanin jaki mai rabin inci da mai 5/8. Digiri ɗayan nan kuwa, a fuskar dunduniya, katako ne da bai fi kaurin milimita ɗaya ba. Idan kusurwar ta gaza, tsirkiyoyi su yi sama, yatsu su sha wuya, murya ta riƙa hawa idan ka danna. Idan ta yi yawa, tsirkiya ta riƙa gogar firet tana zuzu, sai an sa jaki mai tsayin da ya wuce ƙa'ida. Haka ma ta gefe: in ɓangare ɗaya ya fi ɗaya cin samfefa, wuyan zai nufi hagu ko dama, tsirkiya ta farko ta riƙa zamewa daga bakin allo. Sannan duk inda katako bai taɓa katako ba, amo yana zubewa a nan.

Wasu za su ce maka ba komai, rodin cikin ƙoƙo zai gyara. Kada ka yarda. Rodin na ɗan taɓa saiti ne, kwata ko rabin juyi. In aka matse shi don a rufe kuskuren yanka, ganga ce ke lanƙwashewa, zoben tagulla ya daina zama daram, murya ta shaƙe. A tsofaffin Gibson masu filanji guda ɗaya abin ya fi haɗari, saboda ƙarfen gamin zinki ne, yana lanƙwashewa ko ya tsage.

Saboda haka ka sa a ranka cewa za ka aika ƙoƙon gaba ɗaya. Masassaƙin da ya ce ba ya buƙatarsa, awo a takarda ya ishe shi, ya bar maka aikin da ya fi kowanne wuya ke nan, kuma sai ka sake biyan wani ya ƙarasa.

Kafin ka nemi farashi, shirya bayanan da za su sa a ba ka amsa ta gaskiya. Faɗin ƙoƙo daidai, domin ba duka ne inci 11 ba. Tsofaffin Vega na zuwa da 10 da 15/16 ko 11 da 13/16, wasu na farkon Gibson kuma 10 da rabi. Zurfin ganga, kaurinta, nisan da ke tsakanin ramukan ƙusa biyu ko girman ramin sanda, da hotuna masu haske na wurin da wuya ke zama bayan ka cire shi. Sai abin da kai kake so. Tsawon tsirkiya mai kaɗawa, daga matashi, wato guntun ƙashin da tsirkiyoyi ke hawa kusa da makullai, zuwa jaki, a tsarin Gibson inci 26 da 1/4 ne ko 26 da 3/8. Masu kiɗan gargajiyar tsaunukan Afalashiya da yawa sun fi son 25 da rabi. Faɗin allo a wurin matashi 1 da 3/16 ne a tsohon tsari, 1 da 1/4 ga mai son ɗan sarari, 1 da 3/8 ga mai manyan yatsu ko mai buga tsirkiya da bayan farce. In ƙoƙonka bai kai inci 11 ba, ka bar masassaƙin ya lissafa tsawon, don jaki ya faɗi kusan kashi ɗaya cikin uku daga bayan fata. Ya matsa bakin ganga da yawa, murya ta yi tsini ba jiki. Ya matsa tsakiya, ta yi duhu.

Wanda ya saba da gurmi ko garaya zai iya ganin kamar kowane kafinta mai hannu zai yi aikin. Dangantakar gaskiya ce, tunda banjo ya fito ne daga hannun mutanen Afirka ta Yamma da aka kai bauta tsibiran Karebiyan, kuma har yau jaki ne zaune a kan fata. Amma sandar gurmi ba ta da firet, yatsa ne ke neman murya. A banjo ƙarfe ya riga ya yanke wurin. Kowane firet ana samun mazauninsa ne ta raba ragowar tsawon da 17.817. A tsawon milimita 670, na farko yana kan 37.6, na 12 yana kan 335 cif. Kuskuren milimita ɗaya a firet na sama kunne zai ji shi, kuma ba ya gyaruwa sai an sake allo. Abin farin ciki, ana sayar da allon da inji ya riga ya tsaga, kuma masassaƙin da ya yi amfani da shi bai yi ha'inci ba, ya rage maka kuɗi ne.

To, ina ake rage kuɗin? Ado ne kan gaba. Furannin nan na ƙwanson teku mai sheƙi da ake gani a allon banjon Mastertone na Gibson, kowane ɗaya sai an yanka shi, an haƙa masa gurbi daidai jikinsa, an manne, an goge, wani lokaci har a zana masa layuka. Ka ce a sa maka ɗigo kawai, ko ma a bar fuskar allon haka nan a sa ɗigon a gefe, a firet na 3, 5, 7, 10, 12, 15 da 17. Lura cewa banjo na 10 ake yi wa alama, jita ce ke da na 9, kuma masassaƙin jita kan manta. Na biyu shi ne farin tsiririn da ake lafe gefen allo da kai da shi. Yana ƙara haƙa, yana ƙara aikin bakin kowane firet, kuma ba ya ƙara komai a murya. Na uku, siffar kai: mai sauƙi ba lanƙwashe-lanƙwashe, kuma ba suna a kai. Kada ka nemi a rubuta Gibson a wuyan da ba su suka yi ba. Alamar kasuwancinsu ce, kuma ranar da za a sayar da banjon rigima take jawowa. Gara masassaƙin ya sa hannunsa da shekara a fuskar dunduniya, inda ƙoƙo zai rufe. Na huɗu, katako. Mefil mai zanen damisa kyau kawai yake ƙarawa. Mefil fari, ko mahogani, ɗan'uwan maɗacinmu, ko wolnot, duk suna aiki. Mahogani ya fi saurin sassaƙa, muryarsa kuma ta fi taushi. Allo a bar shi shimfiɗaɗɗe, domin mai doro yana buƙatar matashi da jaki na musamman.

Sai fenti, wanda shi kaɗai kan ɗauki makonni. Fentin feshi mai sheƙi ana yin sa shafi bayan shafi, a bar shi ya bushe sosai kafin a goge, kuma daidaita launinsa da na tsohon murfin baya aiki ne mai cin rai. Ka nemi a ba ka wuyan fari, an gama firet da matashi da dunduniya, kai ka shafa mai. Zan dawo kan yadda ake yi.

Abin da ba za ka yafe ba guda uku ne bayan dunduniya. Rodin cikin wuya mai juyawa gaba da baya, tunda tsirkiyar ƙarfe za ka sa. Nauyin da take ja bai kai rabin na jita ba, amma wuyan banjo dogo ne siriri, kuma rashin wannan rodin na cikin abin da ke lalata tsofaffi irin naka. Na biyu, busasshen katako mai danshin kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari, da jijiyarsa a tsaye, ko a tsaga shi biyu a juya a manne da siririn katako a tsakiya. Wuyan da aka yi da ɗanyen katako zai murɗe cikin shekara, kuma rodi na gyara lanƙwasa ne kawai, ba ya gyara murɗiya. Na uku, aikin firet: a daidaita tsayinsu, a zagaye kansu, a goge bakinsu.

Game da farashi, a kasuwar Amurka wuyan masana'anta yakan tsaya a 'yan ɗaruruwan daloli. Wuya marar ado daga ƙaramin masassaƙi yana sama da haka amma yawanci bai kai dubu ba. Mai cikakken ado da fenti daga sanannen hannu yana haura dala 1,000, yana iya kai 2,000 ko fiye. Mai yiwuwa wannan na ƙarshen aka yanka maka, domin shi mutane suka fi nema. Ka koma wurin mutanen biyun ka ce fari kake so, ba ado, ba lafi, kai mai sauƙi. Wani zai sauko, wani zai ce ba ya irin wannan, amma sau da yawa zai nuna maka wanda ke yi.

Hanya mafi araha ita ce ka sayi wuyan masana'anta, irin wanda Gold Tone ke sayarwa, ka kai wa gwani ya yanka dunduniyar ta dace da ƙoƙonka. Tana aiki sosai idan ƙoƙon inci 11 ne mai rodi. Ga mai sanda ko mai baƙon faɗi, ba ta cika fita ba. Akwai kuma wuyan hannu, wanda wani ya cire don ya sa mafi kyau. Kafin ka biya, tambayi irin filanjin da aka yanka shi dominsa da nisan ƙusoshinsa. Ramin ƙusa ana toshe shi da katako a sake huda, wannan ƙaramin aiki ne. Amma in an riga an cinye dunduniyar, sai an manna sabon katako, kuma ribar ta tafi.

Masu yi daga tushe da sauƙi kuwa, galibinsu ba su da talla. Akwai waɗanda suka yi ritaya suna yin wuya kaɗan a shekara a garejin gida, akwai matasan da suka gama koyo suna neman suna. Hanyar isa gare su ita ce shagon gyaran kayan kiɗa mafi kusa da kai da ke taɓa banjo, domin sun san wanda suke tura wa aikin da ya fi ƙarfinsu. Elderly Instruments da ke Lansing ta Mishigan, maƙwabciyar jiharku, tsohon gida ne a wannan harka tun 1972. StewMac, mai sayar da kayan aikin sana'ar, a garin Athens na Ohio yake, kuma da kayan banjo ya fara. Ƙungiyar Guild of American Luthiers da ke Tacoma ta haɗa masu sana'ar da yawa, makarantu irin Roberto-Venn a Finiks ta Arizona kuma na yaye sababbin hannu. Amma inda na fi ba ka shawara shi ne taron makaɗa, kamar na Galax a Bajiniya da ake yi duk watan Agusta, ko na Clifftop a Bajiniya ta Yamma. A can za ka riƙe aikin mutum a hannunka, ka tambayi mai shi shekara nawa wuyan ya yi da ko ya motsa. Ƙananan tarukan mako-mako na garinku ma suna wadatarwa.

Idan ka sami mutum, saurari abin da zai fara tambaya. Wanda ya san aiki zai tambaye ka irin ƙoƙon, filanjin, tsayin jakin da kake so da salon kiɗanka kafin ya ambaci kuɗi. Nemi hoton mahaɗar dunduniya da ƙoƙo daga kusa, na ayyukansa biyu ko uku. Kowa na nuna hoton kai da ado, mahaɗar ce ake ɓoyewa. Tambaye shi da me yake yanka lanƙwasar. Amsa mai kyau ita ce yana da majingina ta musamman da ke riƙe wuya a kan kusurwa, da gangar samfefa ko injin yanka da aka saita daidai faɗin ƙoƙo. Gwanin jita da bai taɓa wannan ba zai iya koya, amma a kan kayanka zai koya. Tambaye shi kuma yadda yake huda ramin makullin tsirkiya ta biyar. Ramin nan a gefen wuya yake dab da firet na 5, mai tsukewa ne ciki, ana buɗe shi da abin huda mai irin tsukewar. In ya yi ƙunci aka buga makulli da ƙarfi, wuyan ya tsage. In ya yi faɗi, makullin ya riƙa fita. In ya yi zurfi, ya ci karo da rodin cikin wuya.

Ku rubuta komai: katako, tsawo, faɗi, kaurin wuya a firet na 1 da na 12, yawan firet, tsayin jaki, girman ramukan makullai, wanda yawanci 3/8 na inci ne, da wanda zai kawo makullan. Tsofaffin makullanka huɗu za su iya komawa idan masu giya ne, sai ka sayi na biyar kawai. In na gogayya ne marasa giya, sayi sababbi masu juyi 4 zuwa 1, irin na Gotoh ko Schaller. Idan za ka riƙa ɗaga muryar tsirkiya ta biyar, ka ce a kafa maka ƙananan ƙusoshin maƙalawa a firet na 7 da na 9 tun yanzu. Kafin alƙalami kashi ɗaya cikin uku ne zuwa rabi, ragowar sai aiki ya kammala. Biya ta hanyar da ke da kariyar mai saye, kada ka tura kuɗi a matsayin kyauta ga aboki don gudun caji. Ku yi yarjejeniya kan kwanakin dubawa bayan ya iso, da abin da zai yi idan wuyan ya murɗe a shekarar farko. Jiran watanni abu ne da aka saba. Wanda ya ce mako biyu daga ɗanyen gungume zuwa gamawa, ka tambaye shi yaushe katakon zai huta tsakanin yanka da yanka.

Za ka ga masu yi a ƙetare, a Asiya ko Turai, kuma ƙasar Cek na da gwanaye na gaske irin gidan Prucha. Sai dai jigilar ƙoƙo mai nauyi zuwa da dawowa, da kwastan, kan cinye ragin. Ga kuma dokar CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin itatuwa da namun dajin da ke fuskantar ɓacewa: katakon rozwud na Barazil yana jerinta na farko tun 1992, ba ya ƙetare iyaka sai da takarda. Sauran dangin rozwud sun shiga jeri na biyu a 2017, aka sassauta wa kayan kiɗa da aka gama a ƙarshen 2019. Ƙwanson ado ma hukumar namun daji ta Amurka na lissafa shi cikin abin da ake bayyanawa. A cikin Amurka duk ba ka da wannan ciwon kai.

Wajen aikawa, haɗa da murfin baya, domin dunduniya sai ta dace da yankan da ke bakinsa. Cire jaki, naɗe kowane ƙarfe da zai iya motsi, sa kwali cikin kwali da abin cikewa na inci 2 ko 3 a kowane gefe, ka yi inshora daidai darajarsa. Idan mai sanda ne, wasu masassaƙa za su so su cire tsohuwar sandar su dasa a sabon wuya saboda lambar da ke jikinta. Ni shawarata a yi sabuwa, a bar tsohon wuya da sandarsa yadda suke, a ajiye. Banjon da ke tare da wuyansa na asali ya fi daraja, ko da wuyan ya murɗe.

Shafa mai da kanka ba shi da wuya. Rufe allon yatsu da fuskar dunduniya da tef. Goge da samfefa mai lamba 220, sai 320, sai 400, kullum bin jijiyar katako. Shafa ɗan ruwa da tsumma, bari ya bushe, gashin katako zai tashi, ka sake bi da 400. Man Tru-Oil da ake shafa wa kotar bindiga shi aka fi amfani da shi. Ɗigo kaɗan a yatsa ko tsumma, shafi siriri, a rataye shi kwana ɗaya. Shafi 6 zuwa 10 ya isa, ana bi da ulun ƙarfe mai lamba 0000 a hankali bayan kowane biyu. Shafi mai kauri ba ya bushewa, yana zama danƙo yana kama tafin hannu. Mahogani da wolnot suna da ƙofofin jijiya a buɗe, sai sun sha shafi da yawa kafin su yi sumul. Tsumman da ya sha man kada a dunƙule shi a kwandon shara, yana iya kamawa da wuta da kansa. Shimfiɗa shi a waje ya bushe ko ka jiƙa shi a ruwa. Bar wuyan mako guda kafin ka ɗaura.

Ranar da ya iso, kafin ka biya ragowar, ɗaga banjon ka hango allon daga kai zuwa ƙoƙo. Firet duka su kwanta layi ɗaya, ba wanda gefensa ya ɗaga. Tsirkiya ta uku ta bi tsakiyar allo a ƙasan wuya har tsakiyar mariƙin tsirkiyoyi na baya. Haska tocila ta bayan dunduniya, kuma gwada cusa takarda a mahaɗar. Kada haske ya ratsa, kada takarda ta shiga inda katako ya kamata ya taɓa katako. Da jakin da kuka yi yarjejeniya a kai, tazarar tsirkiya da kan firet na 12 ta kasance kusa da 1/8 na inci, wato milimita 3, ba tare da an matse rodin ƙoƙo ba. Danne tsirkiya a firet na 1 da na 22 lokaci guda, ka dubi wajen na 7: ɗan sarari na milimita 0.25 zuwa 0.4 ake so. Danne a na 3, ka ga ko akwai sarari kamar kaurin takarda a kan na 1. In babu, matashi ya yi ƙasa. Sannan taɓa tsirkiya sama-sama a kan firet na 12 ka kaɗa, ka sake dannewa ka kaɗa. In dannawar ta fi tsini, ja jaki baya kaɗan, in ta fi kauri, matso da shi gaba. Idan na 12 ya daidaita amma na 5 ko na 17 ya kauce a dukan tsirkiyoyi, matsalar a tsagar allo take, kuma wannan na masassaƙi ne.

Sabon wuya yakan ɗan motsa a makonnin farko da ya fara ɗaukar nauyi, don haka sake auna sararin firet na 7 bayan wata guda, ka juya rodin cikin wuya kashi ɗaya cikin takwas na zagaye a lokaci guda, ka bar shi ya kwana kafin ka ƙara. Sanyin Ohio da na'urar ɗumama ɗaki suna busar da iska, allo ya tsuke, bakin firet ya fito yana yankan hannu. Ajiye shi cikin akwatinsa da abin riƙe danshi, a kusa da kashi 45 zuwa 50 cikin ɗari. In za ka tafi da shi gida lokacin hunturu ma haka, domin iskar Kano ko Damagaram a watan Janairu ta fi wannan bushewa. Idan bakin firet ya riga ya fito, a goge shi da ƙaramin magagari a lokacin da iskar ta fi bushewa, sau ɗaya ake yi.